Ɗaliba Ta Arba'in da Ɗaya

"Ku matso, ku rage murya," in ji Yaya Sagir, ɗan kawunmu, yana dubanmu ni da ƙanwata Hindatu. "Da yayar abokina abin ya faru."

Sunanta Malama Zulai. Tana koyar da kwamfuta a makarantar kwana ta 'yan mata. Ta ga ɗalibanta suna ramewa, suna gyangyaɗi a aji, in an tambaya su ce lafiya lau. Sai ta haɗa wata 'yar manhaja mai tambaya uku. Awa nawa kika yi barci? Me kika ci? Yaya zuciyarki yau? Kowacce ta zo ɗakin kwamfuta ta cike, malama kaɗai ke gani.

Ajin mutum arba'in ne. Amsa kuwa kullum arba'in da ɗaya.

Ta ƙarshen ba suna. Barci: babu. Abinci: babu. Zuciya: a kulle.

Zulai ta bi aikinta layi-layi, ba ta ga kuskure ba. Ranar Juma'a da tsakar rana ta zauna ita kaɗai za ta goge amsar. Sai ƙofa ta rufe. Ba iska. Fanka ta tsaya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, alhali rani ake.

A kujerar ƙarshe wata yarinya na zaune, ruwa na ɗiga daga hijabinta.

"Malama, kada ki goge ni."

Zulai ta dubi ƙarƙashin tebur. Kofato.

Ta ja ƙofa, ko motsi. Ta kama ƙarfen taga tana ihu. Ga ɗalibai suna wucewa, ba wadda ta waiga. Ta juyo wajen yarinyar.

"Me kike so?"

"Rijiyarmu aka rufe da siminti aka yi ɗakin nan. Ina ciki. Ba wanda ya taɓa tambayata sai ke. Zauna ki tambaye ni."

"Har yaushe?"

Yarinyar ta nuna mata kujera.

Zulai ta zauna. Ta tambaya, aka amsa. Ta sake, aka amsa. Inuwar taga ba ta gusa ba. Muryarta ta dushe, leɓɓanta suka tsage. Can ta fashe da kuka.

"Yarinya, ni ma ina da uwa. Tana jirana."

Yarinyar ta daɗe tana kallonta. Ta taso, ƙwas, ƙwas, ta shafa mata ruwa mai sanyi a ido.

"Je ki. Ba sai kin ƙara tambayar kowa ba."

Ƙofa ta buɗe. Ashe Lahadi ce, kwana biyu ana nemanta.

Yaya Sagir ya sauke numfashi.

"Tun ranar, duk wanda ta kalla sai ta ga abin da ke cin ransa. Ta ceci yara da dama. Amma ko mijinta ba ta iya haɗa ido da shi. Ku dai, kada wanda ya zauna shi kaɗai a ɗakin da bai san me ke ƙarƙashinsa ba. Tafi ki kwanta, Hindatu. A'a, ku tafi ku biyu."