Ramin Linzami Na Biyu

Tururuwar gyara suka fito daga 'yar kwalbarsu a jere, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, suka hau gefen tsohuwar na'urar wasan, suka shige ramin da ake jona linzami. Ba tururuwar Allah ba ce, ta ƙarfe ce. A Funtuwar wancan zamani, da benaye suka tokare gajimare, motoci suka daina taka ƙasa, su ne suka kashe sana'ar duk wani mai gyara. Za ka zuba su cikin abin da ya lalace, su lasa, su auna, su aika rahoto kan allon mai su, sannan su tare a ciki suna gadi. Abin da suka shiga ba ya ƙara lalacewa.

Wanda ya ƙirƙiro su, Injiniya Mu'azzam, yana tsaye hannu a aljihu yana yatsina fuska. Karatu kam akwai shi, ba a hana shi ba, amma irin karatun nan ne mai cika kai ya bar ƙirji fayau. Na'urar ta kakansa ce, Alhaji Nababa, wani baƙin akwati mai igiyoyi wanda tun yana saurayi yake da shi.

To, ga yadda abin yake. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, amininsa Malam Barau yakan biyo shi gida su buga ƙwallo a akwatin nan. Kowa da abin riƙonsa mai maɓallai, wanda suke kira linzami. Alhaji ramin farko, Malam Barau na biyu, tun suna da baƙin gashi. A 'yan shekarun nan sai 'yan wasan Malam Barau suka fara shirme: a nufi raga su nufi 'yan kallo, a ce su tsaya su yi ta gudu. Nan zai jefar da linzami ya tsine wa ramin na biyu da wanda ya ƙera shi. Alhaji kuma ya zare igiyar, ya hura ramin, ya goge bakin da gefen riga, ya sa tsinken sakace da auduga ya ƙwaƙule, ya girgiza kai ya ce tsatsa ce. Malam Barau ya ce to a yi musayar rami, Alhaji ya rantse ba mai raba shi da na farko. Malam Barau kuwa bai taɓa nacewa ba. Daga nan sai a kawo fura.

Ran nan Mu'azzam ya tarar da su ana wannan hure-huren. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai a gidan kakan mutumin da birni ke taƙama da shi ake gyaran inji da yawu. Alhaji ya ce masa ya bar musu abinsu, ya maimaita, har da sauya fuska. Gogan naku ya ɗauka wasan jika da kaka ne, ya buɗe kwalba.

Rahoto bai jima ba ya fito. Babu tsatsa, babu ƙura, haƙoran ramin duk a miƙe. Mai hankali da nan ya ja bakinsa. Shi sai ya karɓi linzamin Malam Barau, ya zura ƙwallo a raga, ya ƙara, don kowa ya shaida. Sannan ya juya allonsa kan Malam Barau, allon ya yi ƙara.

“Baba, ramin nan lafiyarsa ƙalau,” in ji shi. “Hannunka ne ke rawa. Ga shi nan a rubuce.”

Ya ci gaba da bayani, bakinsa har kumfa, cewa akwai asibitin da ke sa hannun lantarki, shi zai yi masa hanya. Malam Barau ya janye hannayensa cikin babbar riga a hankali. Ya ce Allah ya yi wa karatu albarka, ya lalubi takalmansa. Furarsa ko taɓawa bai yi ba.

Juma'a ta zagayo, bai zo ba. Ta sake zagayowa, shiru.

Alhaji Nababa ya nemo ƙusa, ya zauna da tabarau a hanci, ya lanƙwashe haƙoran ramin na biyu ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya ajiye ƙusar, yana kallo tururuwa suka fito suka miƙar da su. Ya ɗura ruwan gishiri, suka tsotse. Ya cusa tuwo, suka fitar da shi ɗan mitsi-mitsi suka tara masa a gefe, tsaf, kamar masu jiran a yaba musu. Ya kira jikan ya ce ya zo ya kwashe ƙwarinsa. Mu'azzam ya ce ai ba a yi su don su fita ba, kuma shi bai taɓa jin wanda ke neman kayansa su lalace ba. Ya ma ƙara da cewa yana sauri, hukumar birni za ta rataya masa lambar yabo, an yarda a zuba tururuwar a kowane gida.

Da abin ya ishe shi, Alhaji ya ɗauki sandarsa ya hau jirgin unguwa har gidan Malam Barau. Ya same shi a zaure, hannaye a cikin riga. Suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi iyali, aka tambayi ƙafa, aka tambayi zafi. Can Alhaji ya gyara murya, yana kallon bango.

“Barau, ramin nan fa ya koma tsiyarsa. Jiya da ƙyar na samu ya kama.”

Malam Barau ya dube shi, ya ɗan murmusa.

“Nababa, da furfurarka kake ƙarya. Ai jikanka ya gyara duniya. A garin nan ba abin da ya rage yana lalacewa sai ni da kai.”

Alhaji ya jingine sandarsa, ya zauna a gefen tabarmar.