Zaren Safar Gola

Ashe haka zuciya ke yi idan an ajiye ƙwallo za a buga fenareti?

Tana tsaye cikin 'yan kallo, ta danƙe bakin mayafinta, idonta a kan mai tsaron ragar. Ita ce fa telar nan da ko sunan ƙwallo ba ta son ji!

Shekarun baya shi ne ke kawo mata safar hannunsa shago ta ɗinke masa. Da jan zare take ɗinkewa, don ya ce yana son ya riƙa ganin hannunta a cikin nasa. Daga ɗinki aka koma hira, daga hira sai soyayya. Sau nawa ya roƙe ta ta zo kallo? Kullum aiki ya yi mata yawa.

Yayanta kuwa dama ba ya so, wai ƙato da shi yana bin fata a rana.

Wata rana golan ya shigo da gudu, gwiwa duk jini, baki har kunne.

"Rabin raina, canjaras muka tashi, babu ci!"

Ta kalli yayanta ta yi dariya.

"Wato wahalar banza kenan. Ni fa tunda nake da kai ban taɓa jin ka ci ƙwallo ko ɗaya ba..."

Ya ɗauki safarsa ya fita, ƙafarsa ba ta sake taka shagon ba.

Kewa ce ta fara sa ta kunna rediyo. Ta koyi satar gida, ta koyi bugun kusurwa, har kwastomomi suna tsokanarta wai tela ta zama alƙalin wasa. A nan ta gane aikin gola hana ci ne. Ranar da ta yi masa dariya, shi kaɗai ya hana abokan karawarsu ci, kuma ita ya fara kawo wa farin cikinsa. Wallahi ta yi kuka.

Aka buga fenaretin. Golan ya yi tsalle ya doke ƙwallon! Ba ta san lokacin da ta ƙwala ihu ba.

Da aka tashi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kin zo?" ya ce a hankali.

"Na zo... Na ga yadda ka jira mai bugun, ba ka faɗi kafin ya buga ba. Gola, yanzu na gane."

Ya yi murmushi, idonsa ya kaɗa.

"Da a ce lokacin ne..."

Sai ga 'yar kawunta, wadda a da take zama a shago tana yi masa tambayoyin ƙwallo ana yi mata dariya. Ta miƙa masa ruwa, ta ce 'yarsu na jira a mota.

Ya cire safar don ya karɓa. Telar ta kalli tafin safar. An ɗinke wajen yagewar da kyau, da shuɗin zare.