Ranar da Aka Saki Ruwa a Kan Nelio

A wani ƙauye da ke maƙale jikin dutse a arewacin tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, wanda sunansa ya ɓace min yanzu, Gorete na tsaye a madafi da sassafe tana gasa gurasar dankali. Mahaifinta, Baba Anibal, ya miƙe ƙafa kan kujera, gwiwarsa ta kumbura kamar gwanda. Shi ne mai kula da levada, magudanar da ke ɗauko ruwa daga kan tsauni zuwa gonaki. Tun da gwiwar ta tasar masa, ɗansa Elvio yake miƙa wa makullin ƙofofin ruwa a ɓoye, don kada hukuma ta ji ta sallame shi.

Aka ƙwanƙwasa. Nelio ne, wanda zai auri Gorete bayan girbin inabi, igiya naɗe a kafaɗa, hular kwano a hannu. Sana'arsa kai 'yan yawon buɗe ido cikin kwazazzabo, ya riƙa zura su da igiya ta gefen ruwan da ke zubowa daga duwatsu, suna ihu suna dariya.

"Ga gizo-gizon naki ya iso," in ji Mama Zita, mahaifiyar Gorete, ba ta ko ɗago kai ba. "Mutum da ƙafafunsa lafiya lau, sai lilo!"

"Mama, lilon ne zai saya wa 'yarki gado," ya ce yana dariya. Gorete ta zuba masa kofi tana ɓoye murmushi.

Al'adar wurin ce, duk mai shiga kwazazzabon sai ya biyo gidan mai kula da ruwa ya tambaya baki da baki. Akwai wata ƙofa a can sama, in aka buɗe ta, ruwan levada gaba ɗaya cikin kwazazzabon yake faɗawa, waya kuma ba ta kamawa a ciki.

"Baba, za a saki ruwa yau? Ina da baƙi."

Tsohon ya dubi ɗansa. Elvio ya ce da gurasa cike da baki, "Ba mai taɓa ƙofar nan. Je ka yi lilonka, suruki."

To amma iska ta kaɗa kwanakin nan, ganye da rassa suka toshe ragar ƙarfen da ke tace ruwan. Aikin awa guda ne da manjagara. Elvio kuwa hankalinsa na kan ƙwallon da za a buga da rana. Ya dubi tulin ganyen, ya yi tsaki, ya sa makulli ya murɗe ƙofar don ruwa ya wanke masa aikin. Ya manta shaf da maganar safe.

Nelio na zura wata baƙuwa, malamar makaranta ce daga Jamus ko Holan, lokacin da ya ji rugugin. Ruwan ya zo ja wur da laka da duwatsu. Ya naɗe igiyar a hannunsa ya ƙi saki, igiya ta ci naman tafinsa, har ya janyo matar kan wani ɗan tudu. Ba a rasa rai ba. Ita ta karye a idon sawu, shi kuma aka ɗinke masa hannu a asibitin Funchal, babban birnin tsibirin.

Da yamma Elvio ya shigo ya faɗa musu shi ya buɗe ƙofar. Mama Zita ta rufe tagogi, ta kamo hannun 'yarta.

"Gobe za a zo bincike. Nelio bai zo gidan nan yau ba. Kin ji ni?"

"Mama! Ni na zuba masa kofi!"

"To ki zubar da shi daga ranki! In aka ji ubanki ya ba da makulli, aikinsa ya tafi, yayanki kuma gidan yari. Shi wancan yaro ne, zai samu wani aikin."

Gorete ta juya ga mahaifinta, mutumin da ya taɓa mayar da ita kanti da ƙafa a cikin ruwan sama don an yi mata rarar canji. "Baba, ka yi magana mana."

Baba Anibal ya zuba wa gwiwarsa ido. Wannan shirun ya fi duk maganar Mama yi mata ciwo.

Washegari mai binciken ya zo, Nelio na bayansa da hannu cikin bandeji. Elvio ya rantse bai gan shi ba. Mama ta rantse. Tsohon ya ce shi da kansa ya buɗe ƙofar bisa ƙa'ida, ba wanda ya gaya masa akwai mutane a ƙasa.

"Ke fa, 'yammata?"

Gorete ta ji farcen uwarta a bayanta. "Ina... ina gona," ta ce, muryar kamar ba tata ba.

Nelio ya dube ta, bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya san wanda ya amsa masa, ya san wanda ya riƙe makulli, kalma ɗaya ta isa ta rushe gidan. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na tambaya." Aka karɓe takardar izininsa, kamfani ya sallame shi, gari ya ɗauka cewa ya kusa kashe baƙuwa saboda ganganci.

Ta tare shi a matakalar coci ran Lahadi, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Nelio, ka yafe min, tilasta min aka..."

"Elvio ban yi mamaki ba. Mama ma haka. Amma ke, Gorete? A gona?" Ya gyara bandejinsa. "Ban fasa auren ba, ban kuma ce na iya kallon fuskarki yanzu ba. Ki bar ni tukuna."

Aka yi girbin inabi, ba a yi biki ba. Wanda baƙi ke rububin ɗaukar hoto da shi ya koma dakon ayaba a kafaɗa, yana hawa matakalan gonaki da hannu ɗaya da rabi. Mama Zita kuwa har da cewa, "Kin gani? Allah ne ya raba ki da wahala." Gorete ta daina cin abinci tare da su. Elvio ya ce shi ba ya sake taka levada, ya koma tuƙa motar haya a birni, ya bar tsohon da gwiwarsa. Dole Gorete ta riƙa rako mahaifinta, yana dafa kafaɗarta, suna tafiya a hankali kan ɗan siririn bakin magudanar, rami a gefe guda.

Abin mamaki, kullum suka isa sai su tarar an kwashe ganyen ragar tsaf.

"Yayanki ne," in ji tsohon da murna. "Kunya ta kama shi, yana zuwa a ɓoye."

Gorete ta duba da kyau. Ta ga an ɗaure hannun ƙofar nan da guntun igiya don kada ta buɗu da sauƙi, ƙullin kuma irin na masu hawan dutse ne. Washegari ta tashi mahaifinta tun rana ba ta leƙo kan tsauni ba.

"Yau da wuri za mu, Baba. Ka je ka yi wa ɗanka godiya."

Suna shan kwanar ƙarshe suka hango mutum tsugune cikin ruwa har gwiwa, yana jan ganye da manjagara, ya maƙale ƙotar a hammata saboda hannun bai gama warkewa ba. Baba Anibal ya tsaya cak.

"Kai ne? Bayan abin da... Don me?"

Nelio ya miƙe yana ɗigar ruwa. "Abokan aikina suna shiga ƙasan nan da baƙi kullum, Baba. Kai ba ka da gwiwa, ragar kuma ba ta san haka ba."

"Me ya hana ka tona mana asiri ran nan?"

"Gidan da zan ɗauko mata? In rushe shi, in ɗauko ta daga ina?"

Tsohon ya zauna kan bakin magudanar ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Gorete ta durƙusa gabansa.

"Baba, ni yau zan sauka Funchal in faɗi abin da na gani. Na fi so mu je tare, amma ko ni kaɗai zan je."

"Kama ni in tashi," ya ce.

Mama Zita ta yi kuka, ta yi zagi, ta tare ƙofa, suka wuce ta. Aka yi wa tsohon ritaya babu ko taron ban kwana, aka ci Elvio tara mai nauyi, aka mayar wa Nelio takardarsa. Yafiyar ba ta zo rana ɗaya ba, sai da aka sake girbin inabi kafin ya iya yi wa Gorete dariya irin ta da. A lokacin aka ɗaura auren, aka gasa nama a tsinken itacen laurel mai ƙamshi har hayaƙi ya rufe ƙauyen. Mama Zita da kanta ta zaɓo masa tsinken da ya fi tsoka, ta ajiye gabansa.

'Ya'yana, ƙaryar da aka yi don rufa wa gida asiri, a kan wani marar laifi take sauka, galibi ma wanda ya fi ƙaunarku. Wanda aka ci amanarsa kuwa, in ya danne zuciya ya ci gaba da aikin alheri, waɗanda suka cuce shi ne za su tashi da ƙafarsu su wanke shi.