Turmin da Aka Kife da Wayoyi Huɗu

Ranar da abin ya fara, wutar lantarki ta dawo daidai lokacin da ladan ke gyara murya. Gidanmu a bakin zangon Yendi yake, kuma tun da kakanninmu suka taso daga Salaga ba a taɓa ɗaga taɓarya a tsakar gidan nan da magariba ba. Jikata Awawu, 'yar ɗana Sayibu, ta san haka sarai. Amma ta yini tana jiran wuta, ga wani ɗan kasuwar Bawku yana jiran allon sunan shagonsa. Sai ta tashi ta kunna injinta.

Injin nan da hannunta ta haɗa shi. Katako ake ɗaure masa, ta nuna masa zane a kwamfuta, shi kuwa ya yi ta sassaƙa da wani ɗan haƙorin ƙarfe. Wasu dunƙulen ƙarfe uku ne ke tura haƙorin, tana ce musu moto. Na taɓa tambayarta dalilin wannan kuka nasa mai shiga kai, ta ce lugude ne ake yi a ciki. Wai kowane moto yana da naɗin tagulla biyu, kamar mata biyu a kan turmi ɗaya: wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, kowane bugu kuma ƙarfen ya yi taku ɗaya. Kowace mace waya biyu gare ta, shi ya sa wayoyin huɗu ne. In ka juya wayoyin mace ɗaya, injin baya zai yi. In ka haɗa wayar wannan da ta waccan, ba gaba ba baya, sai makyarkyata.

Ban yi boko ba, amma na san daka. Na riƙe.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne inda ta aza injin. Tsohon turmin uwar mijina ne, wanda ya tsage aka jingine bayan ɗaki shekara da shekaru. Ta kife shi, ta ɗora faifan katako, ta buga ƙusa huɗu. Na yi magana, ta ce shi kaɗai ke da nauyin da zai hana injin rawa.

A daren nan aka fara jifan gidan. Dutsen farko a kan kwanon ɗakina ya faɗo. Na biyu ya fasa randa. Sayibu ya zagaya bayan katanga da sanda, bai ga ko akuya ba. Da Awawu ta kwance allon Bawku, sunan mutumin ya fito a juye, kamar an haska shi a madubi. Ta buɗe akwatin wuta ta tarar an juya mata wayoyi biyu. Ni ta kalla. Na ce ta kiyaye idonta.

Magariba ta biyu, muka ji daka daga ƙarƙashin injin, a hankali, mai nauyi, alhali turmin a kife yake. Kaji suka ƙi shiga akurki. Moton gefe ya tsaya yana gurnani yana rawa wuri ɗaya, ya yi zafi har yana ƙauri.

Magariba ta uku, Awawu ta sunkuya za ta duba shi, ba ta miƙe da hankalinta ba. Ta nufi ƙofar ɗaki, ta tsaya a bakin dokin ƙofa. Ƙafar dama na neman gaba, ta hagu na neman baya, jikinta duka na kakkarwa, haƙoranta na yin irin gurnanin nan na moto. Haka ta kwana biyu, ba ci, ba tafiya, sai an ɗauke ta.

Sayibu ya ɗauko gatari ya nufi injin. Na tare hanya. Na ce masa yarinyar nan shekara biyu ta yi tana tsintar ƙarfe da waya kafin ta haɗa abin da za ta ci abinci da shi, ba za ta farka ta tarar ubanta ya ƙarasa wa maƙiyi aikinsa ba. In yana da ƙarfi, ya hau babur ya je Salaga ya ɗauko Malam Zulkarnain.

Bayan la'asar suka iso. Malam dattijo ne siriri, ba ya son yawan magana. Ya sa aka tsayar da Awawu a tsakar gida, bakin rijiya, mata biyu na riƙe da ita. Ya turara hayaƙi, ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwar katanga ta kai rabin gida kafin bakin yarinyar ya buɗe, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito.

"Gidana aka kife. Ƙusa huɗu aka buga, ɗaya ta shiga ƙafar ɗana."

Malam ya ce wa aljanar an zalunce ta, bai musa ba, amma yarinya ba da sani ta yi ba, kuma ramuwar ta wuce gona. Ya tambaye ta me take so. Ta ce a ƙone injin, ko a bar mata ƙafafun yarinyar. Kafin Malam ya amsa na ce ba ɗaya. Ya ɗaga mini hannu, na yi shiru don girman karatunsa, ba don ita ba.

Suka yi ta ja. Ya ce za a zare ƙusoshin, a kai mata turmin bayan katanga, kuma injin ba zai ƙara kuka tsakanin magariba da lisha ba. Ya ci gaba da karatu har ta soma haki. Sannan ta yi dariya.

"Na yarda. Amma yadda na harɗe wayoyin can haka na harɗe ƙafafunta. Ku sa shi ya yi taku daidai kafin ladan ya kira, in tafi. In ya kira, tawa ce."

Muka leƙa. Wayoyi huɗu na moton gefe a zare suke, duka baƙaƙe, an ɓare 'yan alamomin da Awawu ta liƙa musu. Malam ya dubi Sayibu, Sayibu ya dubi ƙasa.

"Hajiya," in ji Malam, "wannan ba ya cikin littattafaina."

Na ce su sauke injin daga kan turmin tukuna. Na zare wutar daga bango, don na sha jin Awawu na cewa wanda ya taɓa waya da wuta a jiki ya ƙone akwatin. Na kuma ga yadda take gane wayoyin mace ɗaya. Na kama bakin waya biyu na haɗa su, na murza ƙarfen moton da yatsa. Ya juya sumul. Ba su ba ne. Na saki ɗaya na kama wata. Sumul. Muryar nan na bayana tana kirana tsohuwar banza, tana cewa in koma wurin tukwanena. Na kama ta uku. Ƙarfen ya cije, yana tafiya da ƙyar kamar ana riƙe shi.

Na kitse waɗannan biyun, na kitse sauran biyun. Sayibu ya ɗaure su a ramukansu. Na mai da wuta, na danna maɓallin da take dannawa in tana so haƙorin ya matso gaba.

Ya tafi, amma baya. Awawu ta fizge daga hannun matan, ta yi taku uku da baya, dunduniyarta ta bugi bakin rijiya. Malam ya cafke zanenta yana karatu da ƙarfi. Daga masallaci na ji lasifika ta yi ƙara, an hura ta.

Na zare wuta. Na ce wa Sayibu ya kwance kitso ɗaya kawai, ya juya bakinsa, na dama ya koma hagu. Ya yi. Na mayar, na danna.

Haƙorin ya matso gaba, taku-taku, da ɗan kukansa siriri. Awawu ta ɗaga ƙafar dama ta sauke, ta hagu ta biyo. Ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikina. Sai ladan ya kira.

Da ta buɗe ido, injin ta fara nema. Ta ga kitson wayoyin, ta ce, "Kaka, wa ya yi wannan?" Na ce ta tashi ta wanke fuska ta ci abinci.

Sayibu ya zare ƙusoshin, ya mirgina turmin bayan katanga, ya tsayar da shi bakinsa sama. Allon Bawku ya tafi da sunan a daidai. Yanzu da zarar rana ta yi ja, ni nake zare wutar da kaina, ko aiki ya kai rabi. Awawu kan yi ƙunƙuni, ba na sauraro.

In gida ya yi tsit, nakan ji daka a bayan katanga, taɓarya biyu. Ɗayar tana makara da bugu, shi ya sa kullum suke karo. Na san gyaransa. Ban gaya wa aljanar ba. Ba ma gaisawa.