Sarewar Baffa Sallau

Ku matso kusa. Uwani, rage fitilar nan. Kun sha tambayata abin da ya sa Baffa Sallau ba ya busa. Yau zan gaya muku, amma kada ya ji.

Shekara ashirin da biyu ya yi a badujalar 'yan sanda, yana busa sarewar Turawa, baƙa mai maɓallan azurfa. Kiɗan takarda ya koya. A ajiye masa rubutu, ba ya kuskuren ko ɗigo.

Da ya bar aiki ya dawo gida, aka yi biki a maƙwabta. Masu kalangu suka ce, "Sajan, shigo mana."

Ya ce, "Wane take?"

"Babu take. Bi mu kawai."

Ya ɗaga sarewa, yatsu suka ƙi. Wata mata ta ce, "A kawo masa allo!" Aka kwashe da dariya.

Abin ya ci shi. Ya riƙa zuwa ƙarƙashin tsohuwar gadar jirgi da rana tsaka, lokacin da babu kowa, yana gwadawa. Duk abin da ya busa, sai ya tarar na takarda ne.

Wata Laraba ya iske wani tsoho zaune a kan yashi, riƙe da sarewar kara. Babu sawun kowa a yashin sai na Baffa. Ya yi sallama. Tsohon bai amsa ba.

"Kanka ya cika," in ji tsohon. Bakinsa ya motsa a gaba, muryar kuwa daga bayan kunnen Baffa ta fito.

Gudu ya kamata ya yi. Amma dariyar nan ba ta bar shi ba.

Ya ce, "Ina so in busa abin da ba a rubuta ba."

"To ba ni rubutaccen."

"Duka?"

"Duka."

"Ɗauka."

Wata iska ta shiga kunnensa, mai sanyi kamar ruwan randa. Ya runtse ido. Da ya buɗe, babu kowa.

Daga ranar, in Baffa ya busa, masu kalangu ne ke bin sa. Matar da ta yi masa dariya ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Sai dai in an ce ya maimaita, ba ya iyawa. Ya buɗe takardunsa, ɗigogin sun koma masa kamar kashin ƙuda. Bai damu ba.

Sai matarsa Goggo Lantana ta kwanta ciwo. Ta ce, "Sajan, busa mini wanda ka busa a fareti, ranar da na fara ganinka."

Ya busa. Abu mai daɗi ya fito.

Ta ce, "Ba shi ba ne."

Ya sake. Ta rera masa a hankali, kiɗan ya shiga ta kunnensa ya ɓace. Kwana uku yana yi, har leɓensa ya fashe.

Ta ce, "Bari haka nan, ka gaji." Washegari ta rasu.

Ana gama jana'iza ya ruga gadar, yana kira, yana roƙo. Babu tsoho. Amma daga ƙarƙashin yashi ya ji ana busa kiɗan faretin nan, tiryan-tiryan, da irin numfashinsa.

Tun ranar Baffa bai sake busa ba. Kiɗan kuwa har yau ana jin sa in rana ta take. Ko aiken wa aka yi muku, kada ɗayanku ya bi ta gadar nan shi kaɗai.