Kyautar Mama Hilda

Ranar da abin ya faru, Nafissa ba ta yi komai ba sai abin da uwarta ta koya mata tun tana ƙarama a Maraɗi: in babba ya miƙo maka abu, ka sa hannu biyu ka karɓa, ka yi godiya.

Aikinta jinyar tsofaffi a gidajensu. Kullum daga Tremont, unguwarsu a Bronx, take tasowa, ta keta New York a jirgin ƙarƙashin ƙasa har Bay Ridge da ke Brooklyn, bakin ruwa, inda wata tsohuwa 'yar Norway ke zaune ita kaɗai a gida mai warin ulu da man zafi. Sunan tsohuwar Ragnhild, suna mai karya harshe, don haka Nafissa ta yanke shi ya koma Mama Hilda. Da safe hankalin tsohuwar garau yake, har ta fi mai jinyarta wayo. Amma da rana ta karkata sai ya fara zamewa, ta koma yarinya, tana kiran mutanen da suka daɗe da barin duniya.

Ba ta da zance sai na tsibirinsu. Wai baƙin dutse ne a tsakiyar teku, can ƙuryar arewa, babu itacen da ya kai tsayin mutum don iska ba ta bari. Tekunsu ba ya daskarewa, saboda wani ruwa mai ɗumi da ke zuwa daga kudu, sai dai ruwan sama da iska ba sa hutawa. A kan katakai suke shanya kifi har ya yi tauri kamar icce, irin wanda ake gani a shagunan 'yan Afirka. Maƙabartarsu kusan duk mata ne a ciki, mazan teku ne ke binne su. Ƙauyensu ma tuni aka watse, gidaje sun zama na tsuntsaye. Akwai watannin da rana ba ta faɗuwa. Lokacin sanyi kuwa ba ta fitowa sam, sai wani shuɗin duhu, kamar tsakanin magariba da isha, ya zauna makonni.

Garin da magariba ba ta wucewa! Nafissa ta ce a ranta, wannan ai garin aljannu ne, mutane haya kawai suke yi.

A wata la'asar ta Disamba, tun hankalin tsohuwar bai gudu ba, ta sa Nafissa ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai rigar sanyi ta maza, saƙar hannu, toka-toka, mai kauri kamar bargo.

"Na ji kin ce mijinki a keke yake yini," in ji Mama Hilda. "Ki kai masa."

Adjoa, 'yar Ghana da ta riga ta aiki a gidan, ta taɓa ja mata kunne cewa ko tsinke tsohuwar nan ta ba ta kada ta karɓa, dokar aiki ma ta hana. Amma Nafissa ta tuna Souley, mijinta, yana kai wa mutane abinci cikin ƙanƙara, yana dawowa haƙora na haɗuwa. Kuma ai ba a mayar da hannun kyauta baya. Ta sa hannu biyu.

Tsohuwar ba ta saki ba.

"Ba ki yi godiya ba."

"Na gode, Mama."

Sannan ta saki. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya, ta juya wa bango fuska.

Rana na faɗuwa Nafissa ta fito, rigar cikin leda a hannunta. Titin bakin ruwa ba kowa. Iska ta tsaya. Ta ji wani wari, ba warin kwata ba, na ɗanyen kifi da gishiri da tsohuwar igiya.

A bayanta akwai taku. Takalmi mai nauyi, cike da ruwa. Caɓal. Caɓal.

Ta tsaya, ya tsaya. Ba ta waiwaya ba, don 'yar gidansu ba ta waiwaye da magariba. Ta yi a'uziyya ta gangara tasha.

A cikin jirgi ta samu kujera, ta ɗora ledar a cinya. Ledar ta yi nauyi. Kujerar da ke kallonta ba kowa a kai, amma ruwa na ɗiga daga gefenta, yana gangarowa a hankali har ya taɓa bakin takalminta. Mutane suka cika jirgin maƙil, ba wanda ya zauna a wurin, ba kuma wanda ya kalle shi.

Tafiya ce mai tsawo daga Brooklyn zuwa Bronx, da canjin jirgi. Ko yaushe in ta fito a Tremont duhu ya gama rufawa. Yau da ta hau matakala sai ta tarar da sama yadda ta baro ta.

Shuɗi. Ba rana, ba dare.

Motoci na wucewa ba ƙara. Fitilun shaguna sun dusashe. Can nesa, inda babu teku, ta ji teku na dukan dutse.

Ta hau benen gidansu da gudu. Souley na zaune kusa da na'urar ɗumama ɗaki, yana hura hannuwansa.

"Lafiya kike haki haka?"

"Baban Firdaoussi, rufe ƙofa. Sa lock ɗin duka."

Ya rufe yana dariya. Idonsa ya faɗa kan ledar. Kafin ta gama kwance mayafi ya zaro rigar, ya ɗaga ta.

"Kai! Wanga ai vraie laine ce, ulu na gaske. Tawa ce?"

"Tsaya tukuna, kada ka…"

Ina! Mai jin sanyi ba ya jiran tukuna. Ya zura kai, ya zura hannuwa. Rigar ta zauna masa cif, kamar da shi aka gwada.

Sai dariyarsa ta yanke.

Na'urar ɗumama ɗaki ta yi shiru. Numfashinsu ya koma hayaƙi. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, da ganyen teku a ciki.

Caɓal.

Ba a buɗe ƙofar ba. Mai takun yana ciki kawai.

Dogo ne, kansa na gogar rufi. Tsohuwar rigar ruwa a jikinsa, ta yayyage. Inda fuska ya kamata ta kasance babu komai sai jiƙaƙƙen ganyen teku yana reto. Hannunsa ɗaya riƙe da wuƙa mai tsatsa, ɗayan ya miƙo shi.

Ba ita yake so ba. Ko kallonta bai yi ba.

Souley ya durƙusa. Leɓunansa suka yi shuɗi. Ya buɗe baki zai kira ta, sai ruwa ya kwararo. Ya yi raɗa da wani yare da bai taɓa ji ba, da muryar da ba tasa ba.

Hannun ya sauka a kafaɗarsa ta hagu.

Nafissa ta cafki ƙasan rigar ta ja. Rigar ta manne masa kamar fata. Nafissa ta fara Ayatul Kursiyyu. Ta taka cinyar mijinta ta ja da dukan ƙarfinta. Farcenta ya ɓalle.

Hannun Souley ɗaya ya fita daga rigar.

Warin ya cika mata hanci. Jiƙaƙƙen ganyen ya shafi wuyanta.

Ta sake ja.

Rigar ta fita. Ta yi jifa da ita ta taga.

Wayar Souley ta ɗauki kiran sallar isha. A waje duhu ya faɗo gaba ɗaya, motoci suka dawo da ƙararsu. Souley na kwance yana aman ruwan gishiri, hannunsa na hagu kamar ƙanƙara.

Da asuba rigar na rataye a bayan ƙofarsu, tana ɗiga.

Nafissa ta tusa ta a leda ta kama hanyar Bay Ridge, zuciyarta na tafasa. Ta tarar da Mama Hilda zaune tana shan shayi, fuska fes, ta sha barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ya zo, ko?" in ji tsohuwar. "Ottar ke nan, mijina. Ban gama saƙa hannun rigar ba ya fita kamun kifi. Jirginsu ya kife. Da igiyar ruwa ta turo jirgin gaɓa, wuƙaƙensu ne kawai a kafe a jikin katakonsa, inda suka riƙe har suka gaji. Na ƙarasa saƙar ina takaba. Tun daga nan, duk shekara in rana ta bar tsibirin, sai ya zo neman rigarsa."

"To ki ba shi abinsa!"

"Me zai yi da riga ba kowa a ciki? Ɗumi yake nema. Na jefar, na ƙona, na ƙetare teku, tana dawowa. Sai in wani ya karɓa da hannunsa ya yi godiya." Ta kurɓi shayi. "Da ina da hankalina ban taɓa sa ta ba. Yanzu da yamma nakan farka in ga hannuna ɗaya a ciki. Na ba mutane da yawa, duk suka ƙi. Ke ce mai tarbiyya."

"Mijina, Mama. Me ya yi miki?"

"Ba komai. Kuna da yawa, ku. Kuma ke yarinya ce, kya samu wani."

Nafissa ta miƙa mata ledar. Tsohuwar ta cusa hannuwanta a ƙarƙashin bargo tana murmushi.

A nan ne wani abu ya mutu a zuciyar Nafissa, kuma ba ta yi masa kuka ba. Ta yi wa tsohuwar wanka. Ta taje mata kai, ta ba ta magani, ta dafa mata miya mai daɗi. Ta samo takardar naɗe kyauta mai ja da kore a aljihun tebur, ta naɗe rigar tsaf, har da ɗaurin zare. Sannan ta zauna tana kallon taga. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Rana ta karkata. Idanun Mama Hilda suka fara yawo. Ta fara wata 'yar waƙa da yarensu, da siririyar murya, tana tambaya ko jiragen sun dawo.

Taga ta yi shuɗi.

Nafissa ta durƙusa a gabanta, ta miƙa ƙunshin da hannu biyu.

"Ga kyautarki, 'yan mata."

Fuskar tsohuwar ta haskaka kamar ta yarinya ranar salla. Hannuwan suka fito daga bargo, suka kama.

Nafissa ba ta saki ba.

"Ba ki yi godiya ba," ta ce da raɗa.

"Na gode."

Ta taimaka mata ta yage takardar. Ta zura mata kai, ta zura hannun dama, ta zura na hagu, ta gyara mata wuya. A ƙasan bene an fara taku.

Caɓal.

A lokacin ne hankalin tsohuwar ya dawo, kamar an kunna fitila. Ta dubi ƙirjinta. Ta dubi Nafissa. Ta kama wuyan rigar da yatsun da ko cokali ba sa iya riƙewa.

"Cire min. Don Allah, 'yata, cire min."

"Ba a mayar da hannun kyauta baya, Mama."

Ta ɗauki jakarta. A matakala ta raɓe jikin bango, ta runtse ido, wani sanyi mai warin kifi ya gifta ta ya haura sama. Ba ta gudu ba. Ta sauka a hankali, ta ja ƙofa.

Washegari aka tarar da gawar Mama Hilda, aka ce tsufa ne. Matar da ke zuwa share gidan ce kawai ta yi ta mamakin gishirin da ya bushe a kan dardumar ɗakin. Ba a ga wata riga ba.

Souley ya tashi, amma hannunsa na hagu bai sake yin ɗumi ba, ko a tsakiyar zafin Yuli, kuma keke ya gagare shi har yau. Ita kuwa Nafissa, matan Tremont sun sa mata suna mai girman kai. Ko goro aka miƙo mata a gidan suna sai ta mayar da hannuwanta baya. Wata dattijuwa ta taɓa tsare ta a bakin masallaci ta ce, "Ke uwarki ba ta koya miki karɓar kyauta ba?"

"Ta koya min, Hajiya," in ji Nafissa. "Bayarwar ce na koya da kaina."