Dokin da Bai Taɓa Gani Ba

Zinariya ta danne murfin akwatin da ƙafa.

"Huzaifa, jiya kana ɗinkin takalma a kasuwar Lazare, yau ga valis uku na kayan aure. Daga ina?"

"Doki ne, masoyiyata! Lamba tara. A Faris ya yi tsere, ni ko launinsa ban sani ba..." Ya ciro tiken cacar doki yana murmushi.

"Da kuɗin caca za ka tufatar da ni?"

Tanti Rakiya, ƙanwar babanta da ta raine ta, ta leƙo. "Ke! Doki ne ya yi gudu, shi addu'a kawai ya yi. Karɓi abinki!"

"Tanti, da wannan zanen zan yi sallah?"

Huzaifa ya kwashe akwatunan, ya fita.

Wata huɗu ba waya, ba saƙo. Rumfarsa a rufe. Kullum in ta tashi daga aiki a otal ɗin Gaweye sai ta tsaya bakin gada tana kallon ruwa, tana tunanin wani doki marar launi da ya tsere da masoyinta. Tanti ta fara zancen wani ɗan kasuwa mai gida a unguwar Koira Kano. Zinariya ta ce a ba ta lokaci.

Ran wata Laraba ta shiga Lazare sayen kuɓewa, ta ga sabon banɗaki mai ƙofa shida a bayan masu kifi, an rubuta KYAUTA. Wani na tsugune yana wanke butoci.

"Huzaifa...?"

Ya miƙe, ya rame.

"Malam ya ce irin kuɗin nan ba a ci, ba a kai masallaci. Na sayar da kayan, na zuba duka a nan. Ban so ki gan ni ba sai hannuna ya fita."

"Ko sallama, mugu? Wata huɗu!"

Ya zaro ƙunshi daga jakarsa. Takalmi ne na jar fata, ɗinkin hannu.

"Wannan gumina ne, Zinariyata. Shi kaɗai gare ni."

Ta saka. Ya zauna mata cif.

"Wa ya ba ka awon ƙafata?"

"Sawunki da kika bari a kan akwatin. Kafin in sayar, sai da na auna."

Ta share hawaye da gefen mayafi.

"Juma'a ka turo magabatanka. Tanti kuwa, bar ni da ita."